Wa Zai Ga Lissafin?

Tambaya biyu likitan dabbobi ya yi wa Kawu ranar da saniya ta uku ta faɗi, kuma babu wadda aka iya amsawa. Ta farko: daga ina aka sayo san da ya fara tari? Ta biyu: tun da ya shigo garken, dabba nawa aka sayar, kuma ina suka nufa?

Muna tsaye a wurin, mun zo ganin gida daga Kano. Kawu ya tuɓe hula ya sosa kai. San dai ya saye shi ne da kaka, a bayan gari, hannun wani mutum da bai taɓa gani ba. Lokacin babu kasuwa. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Dutsin-Ma da Safana da Charanchi, don a toshe wa ɓarayin daji hanyar sayar da shanun sata. Amma hana kasuwa bai hana mutum bukatar kuɗi ba, bai kuma hana manomi neman sa ba. Cinikin ya koma gindin bishiya, ba dillali, ba shaida. Kawu ya ga sa mai ƙiba da kuɗi kaɗan ya saya, ya kora shi cikin garke a ranar. Shi da kansa ya ce daga baya, araha ba ta ado.

Sai da aka yi makonni kafin san ya fara tari, yana miƙa wuya yana buɗe ƙafafun gaba yana nishi. Haka ciwon huhun shanu yake. Yakan daɗe a jiki bai nuna ba, kuma dabbar da ta yi kamar ta warke takan ci gaba da raba shi ga 'yan uwanta ta numfashi. Kafin abin ya lafa mun rasa shanu biyar. Wannan ciwo ne da muka iya haɗiyewa. Wanda ya tsaya mana a wuya shi ne amsar tambaya ta biyu. Kafin tarin ya bayyana, Kawu ya sayar da karsana biyu ga wani da ya ce daga wajen Kurfi yake. Ba mu san sunansa ba, ba mu san garinsu ba. In da cutar a jikinsu, to mu muka kai ta gidan wani, kuma ba mu da hanyar aika masa cewa ya ware su.

Mu biyu ne a gidanmu da muka karanta ilimin kwamfuta, kuma kuɗin makarantar tamu daga cikin garken nan ya fito, maraƙi bayan maraƙi. Yanzu da rubuta manhaja muke cin abinci. A motar komawa Kano muka kalli juna, kowa ya san abin da ɗan uwansa ke tunani. Tambayoyin nan biyu da suka gagari dattawa, a wurinmu layi biyu ne a rumbun bayanai. Mun rubuta manhajar da ke bin buhun kaya daga sito zuwa shago. Mene ne wahalar saniya?

Bari mu ɗan bayyana yadda abin yake, don mun lura akwai ruɗani a kai. Alamar da ake maƙala wa dabba a kunne iri biyu ce. Akwai ta roba zalla mai lamba a rubuce, da ido ake karanta ta. Akwai mai ɗan ƙwayar lantarki a ciki, wadda ake kusanto mata da na'ura ta karanta. A ƙa'idar da duniya ke bi, lambar tana da alƙaluma 15, kuma ukun farko na iya zama lambar ƙasa: ta Najeriya 566, ta Nijar 562. Ɗan kunnen nan ba shi da batir, kuma ba ya magana da tauraron ɗan Adam. Mutane da yawa a garinmu sun ɗauka in an sace saniya mai lamba, za a buɗe kwamfuta a ga inda take tsaye a dajin Rugu. Ba haka ba ne. Sai an zo kusa da ita da na'ura sannan lambar ke bayyana. Amfaninta duka yana ga abin da aka rubuta a kanta: wannan dabba ta bar wuri kaza ranar kaza, ta shiga wuri kaza. In ba a rubuta tafiyar ba, ɗan kunnen ado ne kawai.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan harka wuya ce ta koya musu. A 2001 ciwon ƙafa da baki, wanda makiyayanmu ke kira boru, ya ɓulla a Ingila. Kafin a farga, tumaki sun riga sun ratsa kasuwanni sun watsu a faɗin ƙasar, kuma a lokacin ba a bin tunkiya ɗaya-ɗaya. Sai da aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6 kafin a shawo kan abin. Bayan nan suka kafa dokar cewa in sabuwar dabba ta shigo gona, ba a fitar da wata sai an yi 'yan kwanaki. A Afirka, Botswana ta fara nata tsarin a farkon shekarun 2000 don kasuwar Turai ta ci gaba da sayen namanta. Da farko wata na'ura suke ɗura wa saniya ta zauna a tumbi, daga baya suka koma ɗan kunne. A nan gida ma, a 2022 ma'aikatar noma ta tarayya ta ƙaddamar da tsarin sanya wa dabbobi lamba da bin sawunsu, wanda ake taƙaita sunansa da NAITS, kuma a 2024 aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta. Muka ce to, ga shi gwamnati ma ta nufi inda muka nufa. Bari mu gwada a garkenmu, mu ga yadda zai kasance.

Dare bakwai muka yi muna rubutawa. Muka sayi ɗan kunnen roba mai ruwan ɗorawa da abin maƙalawa, muka hau mota sai Shema.

Shanun gidanmu ba a gida suke kwana ba. Banda na huɗa, sauran suna hannun wani dattijon Bafillatani da ya yi wa kakanmu kiwo kafin ya yi wa Kawu. Baffa muke ce masa, kuma ya san mu tun muna yawo ba wando. Muka same shi bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono. Muka buɗe waya muka nuna masa fom ɗin.

Gurbi na farko: sunan mai dabba. Baffa ya nuna wata farar saniya da sandarsa. Wannan, ya ce, ta mahaifiyarku ce, gadon ubanta. 'Yarta kuwa an ba ƙanwarku ranar suna. Waccan mai karyayyen ƙaho ta matata ce, sadakinta. Waccan ta wani malami ce a cikin gari, amana ya ba ni, kuma ba ya so 'yan uwansa su sani. Nonon dukansu na gidana ne, takin na gonar Kawunku. To, sunan wa za ku rubuta?

Gurbi ɗaya muka tanada wa mai dabba.

Gurbi na biyu: adireshi. Da damina suna nan kusa, a mashekari, nesa da shuka. In an cire amfani sukan shiga gonaki su ci kara da harawa, yau a gonar wannan, jibi a ta wancan. Da bazara yaransa kan gangara da su wajen ruwan Zobe, a shekarar da ta yi tsanani kuma su yi kudu. Manhajar da muka kwaikwaya an gina ta ne don gona mai shinge da ƙofa, inda saniya kan mutu a inda aka haife ta ko ta yi tafiya biyu a rayuwarta. Tamu saniyar kullum a tafe take, kuma a kowace mashaya tana haɗa baki da garken da ba mu sani ba.

Gurbi na uku ne ya tsayar da hirar: adadin dabbobi. Baffa ya ajiye ƙwarya. Ya ce, "Yara, wa zai ga wannan lissafin?"

Muka ce, "Baffa, yanzu dai mu ne kawai. In abin ya zama na ƙasa, sai gwamnati."

Ya ce, "Wace gwamnatin? Mai allura ko mai jangali?"

Mun taso mun ji ana cewa Bafillatani ba ya ƙirga shanunsa don gudun baki da tafiyar albarka, kuma mun ɗauke shi camfi. Ranar muka gane akwai tarihi a ƙarƙashinsa. Tun zamanin Turawa har bayan samun 'yanci, duk wanda ya zo ruga da takarda da alƙalami yana ƙirga, jangali ya zo karɓa, kuɗi a kan kowane kai. Baffa ya ba mu labarin yadda yana yaro ake tashinsa da asuba ya kora rabin garke cikin kwari har masu ƙirga su wuce. Gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina na cikinta. Fiye da shekara arba'in ke nan, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kuma ba tsohon tsoro kaɗai ba ne. Kawu, da ya yi shiru tun farko, ya ce a yau sanin yawan shanun mutum ya fi jangali haɗari. Kowa a yankinmu ya san ɓarayin daji ba sa shiga gari da ka. Akwai masu kai musu rahoto: gidan wane akwai shanu kaza, wane ya sayar da bijimi jiya, kuɗin na ɗaki. Abin da muka zo da shi a waya, in aka cika shi, jerin sunaye ne da adadi da wurin kwana. Mun san aikinmu. Mun san rumbun bayanai na yoyo, mun san akan ba wa abokin aiki kalmar sirri, mun san wayar ma'aikaci kan ɓata ko a sayar da ita da komai a ciki. Ba mu iya duban idon Kawu muka ce masa ba zai faru ba.

Sai kuma abin da ya kamata mu fara tunawa, mu da muka yi wata da watanni ba mu ji muryar mahaifiyarmu ba. A watan Satumban 2021 an katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi. A daidai lokacin da Kawu ya sayi san nan, manhajar tamu ko buɗewa ba za ta yi ba, don mun gina ta ne a ɗaki mai intanet, ba ta motsi sai da shi.

Da muka fara naɗe kayanmu cikin sanyin jiki, Baffa ya ce mu zauna. Ya ce ba yau aka fara taɓa kunnen saniya ba. Ya tuna mana bushiya. Mu ba mu gan ta ba, sai a labari. Ita ce annobar da ta share shanun ƙasar Hausa da na Fulani a farkon shekarun 1890, har masu garke suka wayi gari ba su da ko maraƙi. A 1962 aka fara wani babban yaƙin rigakafi na haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Duk dabbar da aka yi wa allura sai a huda mata kunne da wata alama, don in an dawo baɗi a san wadda aka yi wa. Da aka yi sakaci cutar ta dawo a 1983 ta yi ɓarna mai yawa, wannan kam Baffa ya gani da idonsa, ya ce har yau yana tuna wari a bakin burtali. Aka sake tashi tsaye, kuma a 2011 aka sanar cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya.

Baffa ya ce ba kowa ya so hudar ba, amma yawanci sun kawo shanunsu da ƙafarsu. Dalili kuwa, wanda ya huda kunnen shi ne ya yi allurar, a wuri ɗaya, a rana ɗaya. Ka ga abin da aka karɓa, ka ga abin da aka ba ka. Sannan alamar ba ta faɗi sunan kowa ba. Cewa kawai take wannan saniya ta tsira.

Ya ƙara da cewa abin da muke so mu gina ai yana nan a kara tun kafin a haife mu. Baƙo ba ya sayar da sa da kansa, sai ta hannun dillali. Dillalin nan ba la'ada kaɗai yake ci ba, shi ne shaida. In bayan wata biyu wani ya zo ya ce sansa ne aka sace, wurin dillali ake zuwa, shi zai nemo wanda ya kawo. In ya kasa, wuyansa ne, kuma sunansa ya ɓaci a kasuwa. Shugabannin kara sun san dillalansu, sarkin fawa ya san abin da aka yanka. Da a kara Kawu ya sayi san nan, da tambayar likita ta farko ta sami amsa a yini ɗaya. Da ta hannun dillali ya sayar da karsanan, da mun san ƙofar da za mu buga a Kurfi. Shi kansa Baffa, in da ya bi al'adarsa, sabuwar dabba a gefe yake ɗaure ta ya ga kamun ludayinta kafin ta shiga cikin sauran. Abin da Ingila ta mayar doka bayan asarar miliyoyi ke nan. Ranar dai Kawu na sauri, shi kuma ya ji nauyinsa.

Mun koma Kano mun goge fiye da rabin abin da muka rubuta. Ba mu da ta cewa a tsarin gwamnati, ba mu kuma san cikinsa ba, amma mun san irin samarin da akan ba irin wannan aiki, don irinmu ne. Ga abin da za mu faɗa musu in suka tambaye mu.

Likitan dabbobi ba ya bukatar sanin shanu nawa Kawu ke da su. Abin da yake bukata shi ne sawun wadda ta kamu, daga ina ta zo, da wa ta haɗu. Don haka a rubuta tafiya, a bar ƙirga. Wurin rubutawa kuma shi ne inda dabba ke sauya hannu, wato kara da tashar lodi da mahauta, kuma dillali ya zama cikin masu rubutawa, tunda dama shi ne shaida. A yi shi yadda zai yi aiki ba sabis, har da takarda da biro, in an samu intanet a tura. A raba wanda ke ganin mene ne: mai duba lamba a kasuwa ya ga dabbar tana da rigakafi, ba a kuma ba da rahoton satarta ba, amma kada ya ga sunan mai ita ko garinsu. A rubuta a doka, a kuma faɗa da Hausa da Fulfulde a rediyo, cewa wannan lissafi ba na haraji ba ne. Ɗan kunne ya zo tare da allura, kamar yadda aka yi a zamanin bushiya. A kuma tuna cewa saniya ba ta san iyaka ba. Shanun Nijar na shigowa ta Jibia da Mai'adua kowane mako, kuma tun 1998 ƙasashen ECOWAS suka amince da takardar shaidar ƙetare iyaka ta makiyaya. Lambar da ba a iya karantawa a Maraɗi rabin lamba ce.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi, kuma babu manhajar da za ta magance shi. Duk tsarin ya rataya ne a kan mutum ɗaya ya buɗe baki ya ce saniyata ba ta da lafiya. A yau, me zai samu in ya faɗa? Wataƙila a hana shi sayarwa, maƙwabta su guje shi a mashaya, dukiyarsa ta mutu a gabansa. In ya yi shiru kuwa, ya kai ta ga mahauci da sassafe ya tsira da rabin kuɗi. Manoman Ingila da aka kashe wa dabbobi a 2001 an biya su diyya. Inda ba diyya, mai gaskiya shi ke asara, kuma kowa na kallo yana koyon darasi. Ba mu fi kowa ba a nan. Da muka matsa wa Kawu, ya amsa cewa cikin biyar ɗin da muke cewa mun rasa, biyu ba mutuwa suka yi ba, an yi sauri an sa musu wuƙa an kai kasuwa. Kuɗin ne aka yi wa ƙanwarmu kayan ɗaki da shi. Mun ci shinkafar bikin, ba mu tambaya ba.

Da muka koma da sallah, Kawu ya yarda a sa wa nasa da na mahaifiyarmu. Bakwai ke nan. Baffa ya riƙe mana kawunansu da kansa, yana kiran kowace da sunanta yana shafa mata wuya. Nasa kuwa ya ce mu dakata tukuna, yana so ya ga shekara ta zagayo. Ba mu yi musu ba. A sabon fom ɗin babu gurbin adadi, kuma gurbin mai dabba yana karɓar suna fiye da ɗaya. Akwai littafi mai bango a ɗakin Kawu, duk dabbar da ta shigo ko ta fita ana rubuta lambarta da rana da sunan dillali. Tun daga lokacin bai sake saye a gindin bishiya ba.

Da kaka Baffa ya aiko ɗansa da ɗan kunne guda a ƙulle cikin leda. Ƙaya ce ta fizge shi a wajen kiwo. Muka buɗe waya za mu duba na wacce ce, yaron ya ce ba sai mun duba ba, Baffa ya ce na 'yar farar nan ce ta mahaifiyarku, wadda uwarta ta mutu a ciwon huhu. Muka duba duk da haka. Ita ce.

Karsanan nan biyu kuwa har yau ba mu san inda suke ba. Duk lokacin da muka bi hanyar Kurfi muka ga fararen shanu a bakin titi, mukan rage gudu. In kai ne ka saya, ko mahaifinka, a kakar 2021, hannun wani dattijo mai shanun huɗa a Shema, kuma tari ya shiga garkenku bayan nan, daga gidanmu ya fito. Ba mu sani ba a lokacin. Muna neman gafara.